Dakalin Injin Malam Tanko

Kwana goma sha biyu da komawar sojoji bariki, Alhaji Usman ya tuna yana da fili a bayan Ƙofar Kaura. Shekara goma sha ɗaya filin yana nan jingine da katangar tsohon gidansa, bai taɓa leƙa shi ba. A nan ya ba marigayi Malam Tanko aro ya kafa wurin wankin mota, a nan kuma 'yar Tanko, Zulaihat, ta ci gaba da riƙe wurin tun da aka kai mahaifinta makwancinsa. Yanzu mulki ya dawo hannun farar hula, Alhaji ya ɗinka manyan riguna, yana son ofishin jam'iyya mai fenti a bakin titi.

Bai zo da kansa ba. Garba ya aiko, mutumin da ke riƙe masa makullan shaguna, wanda ba ya shiga wuri sai idonsa ya riga ƙafarsa zagaye shi. Ranar Litinin da hantsi ya iso, Zulaihat tana duba wata tasi da aka gama ɗaurayewa.

"Injiniya, barka da aiki. An tashi lafiya? Ya Inna? Ya haƙuri?"

Injiniya shi ne sunan da 'yan layin suka laƙaba mata tun da ta gama kwalejin fasaha ta ƙi zaman jiran takardar ɗaukar aiki, ta ɗora rigar aikin babanta a kan atamfarta. Da zolaya suke faɗa. Ita kuwa takan amsa kamar sarauta aka naɗa mata.

"Lafiya lau, Malam Garba. Mi ke tafe da kai?"

Ya faɗi saƙon a hankali, yana murmushi. Kafin sallar Juma'a su kwashe duk abin da ke nasu, magina za su shigo ranar Asabar. "Sai dai abu guda," in ji shi, ya ɗora tafin hannu a kan katanga. "Wagga katangar tun ta kakan Alhaji ce. In kuka tsaga ta wajen cire injinku, ko da tsawon yatsa ne, injin ya zauna a madadin ɓarna. Haka Alhaji ya ce."

Yana magana a kan katanga, idonsa yana kan inji.

Injin feshin ruwa ne, baƙi, mai nauyin buhu uku na gero, an yi shi da irin ƙarfen zubin nan da ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Shi ne wurin gaba ɗaya. In babu shi, abin da ya rage bokiti ne da soso, wanda kowa ke da su. Da shi suke ci, ita da mahaifiyarta Inna Asabe. Ɓarayi sun taɓa ɗauke na farko, shi ya sa da Malam Tanko ya sami wannan sai ya gina masa dakali na jan bulo mai tsayin gwiwa a jikin katangar, ya nutsar da ƙafafunsa huɗu a ciki, ya shafe da siminti. Injin ya zama kamar daga ƙasa ya tsiro.

Zulaihat ta san surukin Garba ya buɗe wurin wanki a kan hanyar kasuwa, da bokiti yake yi. Ta kuma tuna sau biyu Garba yana tambayarta, wai cikin hira, mota nawa injin ke iya wankewa a yini. Kafin azahar ma'aikatanta biyu sun ji labari, suka ajiye soso suka bi motar masu liƙa hotunan 'yan siyasa.

Washegari Garba ya dawo da wani ƙato mai suna Ɗanliti, saɓe da diga a kafaɗa ɗaya, babbar guduma a ɗaya.

"Taimako ne, Injiniya, kyauta. Bugu goma ya gama miki."

"Bugu na nawa ne zai tsaga katangar?"

Ɗanliti ya bushe da dariya, Garba ya haɗe rai. "Ke dai boko ya cika miki kai da zargi."

"Ya cika. Ku sauke kayanku can bakin titi. Duk wanda ya taɓa dakalin nan ba da izinina ba, a gaban mai unguwa za mu ƙarasa maganar."

Ba ta bari maganar ta huce ba. Ta tafi da ƙafarta ta ɗauko mai unguwa, tsoho mai sanda, ta roƙe shi ya duba katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya bi ta yana gunaguni cewa bai taɓa ganin an kira shaida kafin a yi faɗa ba. Suka sami wata tsohuwar tsaga siririya kamar zare, sama da inji kaɗan, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Zulaihat ta ciro alli daga aljihu ta zagaye ta, ta rubuta kwanan wata a gefe.

Daga nan ta wuce Babbar Kasuwa, layin masu kayan ƙarfe. Wani ya nuna mata injin yankan siminti na haya, mai faifai kamar faranti. Ta juya shi a hannu ta mayar. Faifan bai san bambancin bulo da ƙafar inji ba, ita kuma ba ta san iya inda ƙafafun suka tsaya a ciki ba. Wani ya ce ta sa jak na mota ta ɗaga injin da ƙarfi, dakalin zai saki. Ta ce masa ƙarfen zubi ne zai riga saki. Ta zagaya layin sau biyu, kowa na kiran ta Hajiya yana tura mata guduma, ta dawo hannu rabbana.

Da ta iso, ta tarar da wani tsoho tsugune a gaban dakalin. Baba Mati ne, birkila, wanda rabin gidajen unguwar shi ya ɗora musu bulo. Da safe ta gan shi a bencin mai shayi, shi da Garba, suna raba goro ɗaya. Ba ta manta ba.

"Baba Mati, sannu da hutawa. Wa ya aiko ka?"

"Ɗiyar Tanko, haka ake gaida tsoho? Zo ki ji wani abu."

Yana riƙe da wata 'yar ƙaramar hama, ƙotarta ta yi sulɓi don tsufa. Ya ƙwanƙwasa daɓen simintin da ake jera motoci: ƙwal, ƙwal. Sannan ya ƙwanƙwasa gefen dakalin. Ƙarar ta fito a dakushe, kamar an bugi buhu.

"Kin ji? Ni da babanki muka ɗora wanga dakali. Siminti a fata kawai ya tsaya. Bulon da ke ciki da jar ƙasa muka jera shi, irin ginin iyayenmu."

"Baba bai taɓa yin rabin aiki ba."

"Ba rabi ba ne. Na ce mashi mu zuba siminti har ciki, ya ce a'a, Mati, filin aro ne. Ɓarawo ya ga siminti ya haƙura, mu kuma ranar tashi mu tashi da kayanmu." Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. "Ba ki buƙatar guduma. Cizal mai faɗin yatsa biyu, ƙaramar hama, guntun rodi mai lanƙwasasshen kai. Sai ruwa. Ki ɓare fatar, ki jiƙa ƙasar, bulo ya fito ɗaya bayan ɗaya."

Ruwa. Zulaihat ta dubi katangar. Ita ma ta tubali ce, siminti a fuska kawai. Guduma za ta tsaga ta kowa na gani, ruwa kuwa zai ci ta ta ƙasa ba wanda ya ji, sai dai a wayi gari ta buɗe baki. In Garba ya ga ba a karɓi ƙaton ba, ai sai ya turo tsoho mai taushin murya.

"Na gode, Baba Mati. Ka gaida Malam Garba."

Tsohon ya dube ta, ya tauna goronsa, ya saka hamarsa a aljihu ya tafi ba tare da ya kare kansa ba. Wannan ma bai kwanta mata ba.

Bayan magariba ta sami Inna Asabe a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta tambaye ta ko Baba ya taɓa faɗa mata yadda aka gina dakalin.

"Ni ina na san gini? Abin da na sani, kowace shekara kafin ruwan farko sai ya ɗauki rabin buhun siminti ya tafi ya lallaɓa dakalin nan kamar amarya. Har na taɓa ce mashi ko ita ce uwargidan." Ta ɗago kai. "Ki bar musu, Zulai. Mace ɗaya da maza masu jam'iyya?"

Wani abu ya faɗo wa Zulaihat a rai. Tana da shekara goma sha biyu, ta karɓi tiyo tana wasa, ta feshe bayan dakalin. Malam Tanko, wanda bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya fizge tiyon ya daka mata tsawar da ta sa direbobi suka juyo. Mutumin da ke yini cikin ruwa har gwiwa, me zai sa ya ji tsoron ruwa a wuri guda? Ba Mati ta yarda da shi ba. Da tsawar babanta ta yarda.

Ranar Laraba tun da sassafe ta koma kasuwa ta zaɓi cizal da kanta, ta gwada bakinsa a babban yatsa, ta ƙi guda biyu kafin ta ɗauki na uku. Ta haɗa da ƙaramar hama da zarton ƙarfe da kwalbar kananzir. Ta aika aka kira Mati. Ya zo da nasa kayan a tsohon buhu, ta ce ya ajiye.

"Ni zan buga. Kuma inda na zaɓa."

Ta zaɓi kusurwar gaba, mafi nisa da katanga. Bugu na farko cizal ya zame ya kankare mata fatar yatsa. 'Yan acaɓan da ke bencin mai shayi suka ɗauki shewa.

"Injiniya, a kawo miki lalle ki ɗaure?"

"A bar ta, digiri take bugawa!"

Ta tsotse jinin ta sake ɗora cizal. A bugu na bakwai simintin ya ɓalle kamar ɓawon ƙwai, faɗin tafin hannu. A ƙarƙashinsa ga jan bulo, a tsakanin bulo da bulo ga jar ƙasa, busasshiya, har da guntayen ciyawar da aka cuɗa ta da ita. Ta sa farce ta kankaro, ta murje a yatsu. Ta daɗe tana kallon ta.

Mati bai ce ai na faɗa miki ba. Ya dai miƙa hannu zai ɗauki tiyo.

"Dakata," in ji ta. "Ba ɗigon da zai taɓa katangar nan."

Ta hau dakalin ta bi layin da ya haɗu da katanga da cizal, a hankali, bugun da ko jariri ba zai tasa ba. Simintin ya buɗe, sai ga ruɓaɓɓen katako a tsaye tsakanin dakali da bango. Ashe tun farko ba su taɓa haɗuwa ba. Ta zaro katakon gutsure-gutsure, ta ciro fallen kwano daga rumfar wurin ta zura a gurbinsa, ta haƙa 'yar hanya da shebur daga gindin dakalin zuwa kwata. Sannan ta haɗa tiyo da tanki, ba da inji ba, don ruwan ya zo da sanyin jiki, ta riƙe bakinsa da kanta.

Ƙasar ta sha, ta yi duhu, ta saki. Mati ya zura rodi ya ɗan karkata, bulo na farko ya fito lafiyayye, ko kusurwarsa ba ta karye ba. Ya kai shi bokiti ya wanke shi tas, ya jingine shi a inuwa. Haka ya yi wa na biyu da na uku. Zulaihat ta lura. Mutumin da aka kira cire inji, me ya haɗa shi da yi wa bulo wanka?

Aikin ba ya sauri. Kowane layi sai an ɓare, an jiƙa, an jira, an ɗaga. Rana ta tsaya a ka, daɓen ya ɗauki zafi har yana ratsa takalmi. Tafin hannunta ya yi bororo, bororon ya fashe, ta yage tsumman goge mota ta naɗe ta ci gaba. Sau uku Mati ya ce ta ba shi hamar ta huta, sau uku ta ce ta gode. Gefen katanga kuwa ba ta bar shi ko ya tsuguna ba. Motocin da suka saba zuwa suna rage gudu, su ga jan ruwa na bin kwata, su wuce. Masu shewa suka gaji da shewa. Zuwa la'asar mai shayi ya aiko mata da ruwan sanyi a kofi.

Ranar Alhamis hadari ya taso daga gabas ya tsaya yana kallon su. Garba ma ya zo ya tsaya, Ɗanliti na bayansa da guduma.

"Injiniya, gobe Juma'a fa. Layi biyu ya rage miki, ga ruwa na zuwa. Ki bar girman kai."

"Shi kaɗai na gada ban da inji, Malam Garba. Matsa, kana tare mani haske."

Da layin ƙarshe ya fita, suka ga yadda Malam Tanko ya yi. Ƙafafun injin an ɗaure su da noti a kan wasu ƙarafa biyu da aka gicciya, nauyin bulo ne kawai ke danne su. Notin huɗu duk sun yi tsatsa. Ta zuba musu kananzir ta jira. Uku suka bi sufana da kuka. Na huɗun, wanda ke can lungu kusa da katanga, ya ƙi ko motsi, har sufanar ta cinye masa kusurwoyi.

"Wannan kam bugu ɗaya ne," in ji Ɗanliti, wannan karon ba da dariya ba. "Wallahi a hankali zan yi, Hajiya."

Ta dube shi. Mai yiwuwa da gaske yake. Ta dubi Garba, ta ga ya matso taku ɗaya.

Ta ɗauko zarton ƙarfe ta kwanta rubda ciki a cikin jan taɓo. Wurin ya yi ƙunci, zarton ba ya tafiya fiye da tsawon yatsa a kowane ja. Ta ja. Aka kira la'asar, ta tashi ta wanke hannu da fuska ta yi salla a rumfa, idonta na komawa kan inji da ta sallame, ta dawo ta kwanta. Haƙoran zarton suka cinye, ta ɗaura masa sabon baki. Kafaɗarta ta mutu, ta koma hannun hagu. Yayyafi ya fara sauka a bayanta. Rana na gab da faɗuwa notin ya rabu biyu ya faɗa taɓo ba ƙara.

Ranar Juma'a da safe ta kira masu amalanke huɗu. Suka zura sanduna a ƙarƙashin injin, suka ɗaga da salati, suka ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi. Ta bi jikinsa da yatsa ko'ina. Babu tsaga.

Garba ya riga ya isa jikin katanga yana shafa ta kamar mai neman kaska a jikin saniya. Can ya tsaya.

"Ga ta nan! Ga tsaga! Ku sauke injin nan!"

Zulaihat ba ta ko ɗaga murya ba. Ta riga ta aika a ɗauko mai unguwa, yana zaune a bencin mai shayi tun ɗazu. Ya taso da sandarsa, ya matsa ido kusa. Yayyafin jiya ya ɗan wanke allin, amma da'irar na nan, kwanan watan na nan.

"Alli ai kowa na iya zanawa," in ji Garba.

"Gizo-gizon ma ita ta zana?" in ji mai unguwa. "Ranar Talata na ga wagga tsagar da idona, kafin a taɓa komi. Garba, ka ji tsoron Allah, yau Juma'a."

Wani daga cikin 'yan acaɓa ya yi fito. Garba ya kaɗe hannunsa a riga, ya ce shi ɗan saƙo ne, ya bi titi. Ɗanliti ya tsaya ya taya masu amalanke ɗaure igiya kafin ya saɓa gudumarsa.

Sai Zulaihat ta juya ga Mati. Ya kawo baro, yana jera wankakken bulo a ciki.

"Baba Mati, mi Garba ya ba ka?"

Tsohon ya tsaya da bulo a hannu. Bai yi musu ba. "Ya ce in an gama, bulon nawa ne, fasasshe ko lafiyayye. Shi ɓaraguzai yake gani. Ni na san abin da ke ciki. An daina gasa irin wanga bulo, ɗiyata. Da guduma ta hau shi, sai dai a cike rami."

"Don bulo ka zo ke nan. Ba don Baba ba."

"Don bulo na zo. Amma ban yi miki ƙarya ba."

Ta auna maganar. Ta fi ta daɗi da a ce ya rantse mata da amincinsa da marigayi.

"Garba ya yi kyauta da abin da ba nasa ba," in ji ta. "Bulon Malam Tanko ne, inda inji ya tafi nan za shi. Wata ƙawar Inna ta ba mu gefen filinta a Ƙofar Sauri. Kai za ka ɗora mani dakalin. Abin da ya yi saura naka ne."

Mati ya yi 'yar dariya ta hanci. "Halin nan ba a makaranta kika koyo shi ba. To, da mi za a gina? Siminti?"

"Da ƙasa. Can ma aro ne."

Masu amalanke suka tura. Ta saka cizal da hama a aljihun rigar babanta, ta ɗora hannunta mai tsumma a kan injin. Mati ya ɗaga baronsa zai biyo bayansu.

"A'a, Baba," in ji ta. "Wuce gaba, inda zan riƙa ganin ka."